Kerkeci a Keji, Kerkeci a Gida

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a Facebook da WhatsApp, ya ɓace na ɗan lokaci ya sake ɓullowa. Kerketai 25 ne a jere, ɗaya na bin ɗaya, suna ratsa dusar ƙanƙara. A ƙasansa an rubuta bayani mai daɗin ji. Wai ukun da ke gaba tsofaffi ne da marasa lafiya, an sa su can don tafiyar ta zama daidai ƙarfinsu. Wai ƙarfafa biyar na biye da su, wasu biyar na tsaron baya, shi kuwa shugaba ya koma can ƙarshen layi yana lura da kowa. Masu laccar shugabanci sun ci kasuwarsu da wannan hoto, an nuna shi a tarukan bita, an yi wa ma'aikata nasiha da shi.

Hoton gaskiya ne, bayanin ne ƙage. A gandun dajin Wood Buffalo da ke Kanada Chadden Hunter ya ɗauke shi, lokacin da ake haɗa shirin BBC mai suna Frozen Planet wanda ya fito a 2011. Jeruwar ba ta da alaƙa da tausayi ko tsarin mulki. Dusar ƙanƙara in ta yi zurfi nutsewa ƙafa take yi, don haka na gaba shi ke fasa hanya, na baya su riƙa sa ƙafa inda ya cire tasa. Kamar masu bin 'yar hanyar gona ne da asuba a tsakiyar damina, na gaba shi ke kwashe raɓar. Ba a ba tsoho ko majinyaci irin wannan aiki.

Kerkeci dai ya saba a ɗora masa abin da bai yi ba. Yawancinmu a ƙissar Annabi Yusuf (AS) muka fara jin sunansa, inda aka jingina masa jinin da bai zubar ba. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai ruwan toka na Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Mai dabbare-dabbaren jikin nan da tsofaffin mafarautanmu suka sani a dajin Afirka halitta ce daban. Da yake ba mu taɓa zama da shi ba, duk abin da aka faɗa mana a kansa sai mu karɓa.

Labarin da ya fi na hoton tsufa, ya kuma fi shi saiwa, shi ne na "alfa", wato namijin da wai ya fi kowa ƙarfi, ya hau sarauta da haƙori, yake riƙe da ita da haƙori, har ran da wani matashi zai kayar da shi. Wannan kam ba daga bakin masu tatsuniya ya fito ba, daga masana ya fito. Wani masani ɗan Suwizalan, Rudolf Schenkel, ya yi shekaru yana lura da kerketai a gidan zu na birnin Basel, ya fitar da sakamakon a 1947. Bai yi ƙarya ba. Ya ga cizo, ya ga gurnani, ya ga kowa na neman hayewa kan na kusa da shi. Sai dai kerketan nasa, waɗanda kan kai goma a lokaci guda, a fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10 aka tsare su. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, an kwaso su ne daga wurare daban-daban, kuma wanda zaman ya ishe shi ba shi da ƙofar fita. Dabbar da kan share kilomita 30 a yini ba ta ji a jikinta ba, ita ce aka kulle a wurin da bai kai filin gidan mutum ɗaya ba.

Ba'amurke David Mech ya ɗauki wannan ra'ayi ya sa a littafinsa kan kerkeci na 1970. Littafin ya karɓu, maganar ta fita daga hannun masana ta shiga hannun masu horar da karnuka, daga nan ta faɗa bakin samari masu neman hujjar taurin kai. Daga 1986 Mech ya fara zuwa tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada, inda fararen kerketai ba su saba ɗan Adam ya farauce su ba, don haka ba sa gudunsa. Yakan zauna kusa da raminsu yana kallon shigarsu da fitarsu. Shekara 13 yana komawa duk lokacin zafi, bai ga faɗan neman sarauta ba. Gani ya kori ji. A 1999 ya fito ya rubuta cewa abin da ake kira garken kerketai a daji iyali ne kawai: uba, uwa, 'ya'yan bana, da yayyensu na bara da bara waccan da ba su riga sun kama gabansu ba. Uban bai kayar da kowa ba kafin ya zama babba, haihuwarsu ya yi. Mech ya kwatanta masu nazarin kerkecin keji da mutumin da ya tafi sansanin 'yan gudun hijira don ya koyi yadda iyali ke zama a gidajensu. Ya kuma shafe shekaru yana roƙon mawallafa su daina buga tsohon littafin nasa, kasuwa na hana su.

A nan abin lurar yake, kuma kwatancin nasa bai yi mana nisa ba. Wanda ya taɓa ganin rabon abinci a sansanonin Maiduguri ko Diffa ya ga turereniya, ya ga dattijo na ture yaro saboda mudun shinkafa. Baƙon da ya tsaya daga nesa da littafin rubutu zai iya komawa gida ya ce mutanen nan ba su san girma ba, haka halinsu yake. Ba zai san cewa wannan dattijo, kafin a ƙone garinsu, zaurensa ba ya rabuwa da akushin baƙi ba. Haka muke yanke wa almajirai hukunci da abin da muka gani a kan kwano ɗaya, haka muke yi wa 'yan gidan yari, haka muke yi wa wata ƙabila da abin da 'yan cirani cikinta suka yi a ɗakin haya mai cunkoso. Abin da ido ya gani daidai ne, laifin yana ga mai faɗaɗa shi. Kafin a ce wannan halin wane ne, ya kamata a tambaya a ina aka gan shi, da wa aka haɗa shi, ƙofa a buɗe take ko a rufe, cikinsa da abinci ko babu.

To in ba faɗa ba, mene ne aikin babba a gidan kerkeci? Ciyarwa. Macen kan ɗauki ciki na kwana 63 ko kusa da haka, ta haifi kwiyakwiyai huɗu zuwa shida a rami, ido a rufe, kunne a toshe. Makonnin farko ba ta rabuwa da su, namijin ne ke kawo mata nama. Da yake kerkeci ba shi da jaka, cikinsa ne jakarsa: yana iya haɗiye nama har kilo 9 a zama ɗaya, ya yi tafiya mai nisa, in ya iso yaran su riƙa lasar bakinsa sai ya amayo musu. Yayyen su ma haka suke yi, kuma akan bar ɗaya a bakin rami yana gadi in sauran sun fita. Mech ya lura cewa inda iyaye suka fi nuna iko shi ne wajen rabon nama, kuma in abinci ya yi ƙaranci sukan hana manyan 'ya'ya su bai wa ƙanana. Naman kuwa ba a arha yake samuwa ba. A tsibirin Isle Royale an ga cewa cikin manyan dabbobin nan dangin barewa da ake kira mus, waɗanda kerketai suka tasar wa, ko ɗaya cikin goma ba sa kamawa. Bugun kofato ɗaya na iya karya wa kerkeci haƙarƙari ko muƙamuƙi. Yawancin kwanakinsa tafiya ce da yunwa.

Wani kuskuren kuma shi ne faɗin "kerkeci" kamar abu ɗaya ne a ko'ina. Jinsi ɗaya ne, amma ƙasa ta sarrafa kowanne da irin nata hannun. Na ƙasashen Larabawa, wanda ake samu a Saudiyya da Yaman da Oman da Jodan, bai cika wuce kilo 20 ba. Siriri ne, gashinsa kaɗan, kunnuwansa manya don fitar da zafi, kuma ba ya yawo da taro, bibbiyu ko uku-uku suke fita, domin zomo da ɓera da mushe ba su isa rabon mutum goma ba. Ɗan'uwansa na Alaska da yammacin Kanada kan ninka shi sau biyu har da ɗori, an ma taɓa kashe wani a Alaska a 1939 mai kilo 79. Babban jiki ya fi riƙe ɗumi, kuma wanda zai tari ɓaunar Amurka yana bukatar nauyi da yawan hannu. Girman gidan ma ganima ce ke yanke shi: inda nama babba ne yara sukan daɗe a gaban iyaye, inda ƙarami ne sukan watse da wuri. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na tsaunukan Himalaya na zaune a tudun da ya haura mita 4,000, jininsa ya saba da ƙarancin iskar shaƙa. Na Indiya ɗan fili ne, ba ɗan kurmi ba, yana rayuwa a gefen makiyaya, kuma saura 'yan dubbai kawai. Mafi ban mamaki a wurina su ne na gaɓar tekun British Columbia a Kanada. Waɗannan iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri, suna tono ƙaguwa da ƙumba a bakin ruwa, in lokacin hawan kifin salmon ya yi su tsaya a rafi suna cafkewa, sau da yawa su ci kan su bar gangar jikin. Da a ce an ɗauko ɗaya daga cikinsu an ajiye shi kusa da na hamadar Yaman, da wuya mai kallo ya yarda danginsu ɗaya. Masanan ma ba su daidaita kan yawan ire-iren ba. An taɓa lissafa 24 a Arewacin Amurka kaɗai, a 1995 Ronald Nowak ya mayar da su 5, domin kerkeci matafiyi ne, jinin wannan yanki na shiga na wancan, iyakar da aka ja a takarda ba ta ja a ƙasa. Wasu kuma sun tafi ke nan. Na tsibirin Honshu a Japan, tun 1905 aka kashe na ƙarshe da aka tabbatar. Na Meziko da kyar ya sha: daga dabbobi 7 kacal aka sake tayar da zuriyarsa a tsare, aka saki 11 a jihar Arizona a 1998, yanzu na daji a Amurka sun haura 250.

Launin tokar ma da sunan yake ɗauke da shi ba kowa ke da shi ba. Na Ellesmere fari ne fat, a gandun dajin Yellowstone na Amurka kuwa kusan rabinsu baƙaƙe ne. Wani bincike na 2009 ya nuna baƙin gashin daga karnukan gida suka samo shi, ta hanyar barbara tun zamanin da. Shi kansa karen daga wani tsohon reshen kerkeci ya fito, fiye da shekaru 14,000 da suka wuce, har da ramammen nan mai kwana a gindin teburin mahauta. Mu ma muna da ɗan rabonmu. A 2015 nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa ɗaya daga cikin dabbobin da muke kira dila a Sahel, daga Senegal har gabashin Afirka, ya fi kusa da kerkeci mai ruwan toka fiye da dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su.

Kada kuma a ɗauka gidan kerkeci gidan waliyyai ne, don wannan ma wani ƙagen ne. A Yellowstone, inda aka ƙarar da su a 1926 aka sake kawo 14 daga Kanada a 1995 da wasu 17 a 1996, an samu damar kallonsu a fili shekara da shekaru, kowanne da lambarsa. Babban abin da ke kashe kerkeci a can, in ba mutum ba, kerkeci ne na wani gida, a rikicin iyaka. Tsawon ransu a tsakaice shekara huɗu zuwa biyar ne. Cikin gida ɗaya ma akan samu azzalumi, musamman in gidan ya yi girma har mata da yawa suna haihuwa a ciki. A gidan da ake kira Druid Peak akwai wata mai lamba 40 wadda ta kori uwarta, ta addabi 'yar'uwarta mai lamba 42 da cizo ba dare ba rana, har ana kyautata zaton ta taɓa hallaka mata 'ya'ya. A watan Mayun 2000 aka gan ta ta nufi ramin 42 da yamma. Washegari aka tsince ta a gefen titi jina-jina, da cizon kerketai a jikinta, ba ta tashi ba. Ba wanda ya ga abin da ya faru cikin dare, amma masu lura sun fi karkata ga cewa 42 da sauran matan da suka gaji ne suka taru a kanta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina. Mai lamba 42 ta kwashe nata 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a baki, ta kai su ramin marigayiyar, ta haɗa da marayun ta shayar. Wata daga cikin sauran matan ma ta kawo nata. Cikin kwiyakwiyai 21 da aka haifa a gidan a shekarar, 20 suka rayu, abin da ba a saba gani ba. A 2001 gidan ya kai kai 37, ɗaya daga cikin mafi girma da aka taɓa ƙirgawa. Uban gidan, mai lamba 21, Rick McIntyre da ya yi shekaru yana bin sa da madubin hangen nesa ya shaida cewa bai taɓa ganin an kayar da shi a faɗa ba, kuma bai taɓa ganin ya kashe wanda ya kayar ba. Yakan kwanta yara su hau kansa, ya yi kamar sun fi ƙarfinsa. Ya kai shekara tara. Mai son darasin shugabanci daga kerkeci ga shi nan a rubuce da lamba da shekara, bai bukatar ƙirƙiro wa hoto bayani.

Tsofaffin ma suna da amfaninsu, ba irin na hoton ba. Kira Cassidy da abokan aikinta sun bi diddigin karon gidaje a Yellowstone, suka fitar da sakamako a 2015: gidan da ya fi abokin karonsa yawan tsofaffi, wato masu shekara shida zuwa sama, damarsa ta yin nasara tana ƙaruwa sosai, har ta fi abin da ƙarin matashi ɗaya ke kawowa. Haƙoransu sun dakushe, gudunsu ya ragu, amma sun san lokacin tsayawa da lokacin juyawa.

Matashin da gida ya yi wa kaɗan kuwa ba ya juyin mulki, tafiya yake yi. Yana shekara ɗaya zuwa uku sai ya fita neman mata da ƙasar da ba ta da mai ita. A 2011 masanan Jami'ar Ljubljana a Sulobeniya suka ɗaura wa wani matashi abin wuya mai bin sawu, suka sa masa suna Slavc. A Disamban shekarar ya bar gida, ya tsallake manyan tituna, ya yi iyo a kogin Drava cikin hunturu, ya ratsa tsaunukan Ostiriya, ya gangara Italiya. Bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000 ya tsaya a Lessinia, arewa da birnin Verona, inda ya tarar da wata mace da ta fito daga yammacin tsaunukan Alps. A 2013 suka haihu, a yankin da ya yi fiye da shekara ɗari ba kerkeci. Inda kuma hanyar fita da shiga ta toshe, Isle Royale ta nuna sakamakon. Tsibiri ne a tsakiyar tafkin Superior, kerketai kan isa can ne kawai in ruwa ya daskare. Da daskarewar ta ragu sai suka koma auren junansu, ƙashin bayansu ya fara fitowa a karkace. Daga 50 a 1980, zuwa 2016 saura biyu, uba da 'yarsa. Sai da hukuma ta kawo 19 daga waje tsakanin 2018 da 2019.

Labarin Slavc ya yi wa masana daɗi, bai yi wa makiyayan Lessinia ba. Uban da ke cika cikinsa don ya kai wa yara, wani lokaci maraƙin wani ne a ciki. Mutanen da kakanninsu suka daina kwana a wajen dabbobi tun ƙarni guda suka wayi gari suna tsintar gawa a makiyaya. Hukumar Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2023 cewa kerketan ƙasashenta sun kai 20,300, kuma suna kashe dabbobin kiwo kusan 65,500 a shekara, galibinsu tumaki da awaki. In an auna da miliyoyin tumakin Turai adadin ba komai ba ne, kuma masu kare kerkeci suna yawan faɗin haka. Amma asarar ba a raba ta daidai tsakanin miliyoyin, a kan 'yan ƙauyuka kaɗan take sauka, kuma wanda ya taɓa kiwo ya san ba a lallashin mai tunkiya goma da lissafin ƙasa baki ɗaya. Rikicin ya kai har fadar siyasa, musamman bayan kerkeci ya kashe wata 'yar ƙaramar godiya ta Ursula von der Leyen, shugabar hukumar, a Jamus a 2022. A 2025 aka sassauta dokar kariyarsa a Turai, ƙasashe suka samu ƙarin damar rage yawansu. Makiyayan da suka zaɓi zama da shi sun koma ga abin da kakanninsu suka bari: shinge, yanzu mai lantarki, mutum a wajen garke, da manyan fararen karnuka masu suna Maremma da ake renonsu cikin tumaki tun suna kwiyakwiyai. Duk waɗannan kuɗi ne da lokaci, kuma har yau ana jayayya kan wanda ya kamata ya biya.